Turmin Bayan Zana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu harshe, Ya kuma ba mu ikon riƙe shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Makon jiya wasu samari uku suka zo ƙofar gidana a Dutse, da waya a kan sanda mai ƙafa uku. Suna so in fito a wani wasa da suke ɗauka, a matsayin tsohon da aka kawo wa labarin rasuwa. Na ce to. Aka kawo labarin, na yi shiru. Ban ja numfashi biyu ba mai riƙe da wayar ya ce, "Baba, ka manta ne? Salati za ka yi, sai ka dafe kai."

Na ce, "Ban manta ba, ɗana, aiki nake yi."

Ya ce, "Ai Baba, yanzu da an yi shiru mutane wucewa suke yi."

Ban ji haushinsa ba, don ni ma da irin wannan tunani na shiga sana'ar. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuke ganin wasan kwaikwayo zaƙin baki ne kawai.

Aikina na farko a wannan sana'a zama ne a kan tabarma. Ni mutumin Kiyawa ne, sunana Sabo, a gidan malamai na tashi, kuma da ajami na iya rubutu. A majalisarmu ni ne mai kwaikwayon muryar kowa, daga ladan har mai tallan kananzir, ana dariya har da riƙe ciki. Dab da a yanke Jigawa daga Kano na je wurin Baba Haruna, wanda yake da ƙungiyar mutum takwas masu wasan faɗakarwa. Su ake ɗauka a zaga ƙauyuka idan ana son a yi wa manoma bayanin taki, ko tsabtar rijiya, ko makarantar yaƙi da jahilci. Na yi masa muryoyi biyar a tsaye. Ya saurara har na gama, sannan ya nuna mini tabarma. Damina biyu na yi ina fitowa a matsayin mutumin da ke zaune a ƙofar gida, ba a ba ni ko "amin" ba.

Wata rana bayan mun tashi daga wasa na kasa haƙuri, na ce, "Baba, yaushe za a ba ni magana?"

Ya ce, "Ranar da ka iya zama."

"Zama ma sai an koya?"

"Ɗazu a cikin wasa, da abokin aikinka Sale yake ba da labarin an sace masa tunkiya, me kake yi?"

"Ina zaune, Baba."

"Kana sosa ƙafa, kana kallon mai rake. Rabin mutane suka bi idonka suka koma kan rake. Tunkiyar bawan Allah ta tafi ba wanda ya tausaya masa, duk saboda kai."

Daga nan ya fara aikena wuraren da ba a magana. Ya ce in je zaman makoki, in yi addu'ata, in zauna in kalli mutane. In je bencin asibiti. In raka ango gaisuwar surukai. A nan na gane shiru ba iri ɗaya ba ne. Na mai kunya a wuya yake, kai ne ke sunkuyawa. Na mai fushi a muƙamuƙi yake. Na wanda aka yi wa rasuwa a hannu yake, za ka ga yana ta juya abu ɗaya, hula ko tsinke, bai san yana yi ba. Akwai kuma na mai jin yunwa a gidan surukai, wanda idonsa ke zuwa kan kwano yana dawowa. Wannan na ƙarshe shi na fara yi a gaban jama'a, a Aujara, ban furta kalma ba, kuma har yau ban taɓa samun dariya irin ta ranar ba.

Baba Haruna ba ya auna shiru da agogo, da tasbihi yake aunawa. Zai ce, "Nan ka yi uku," wato ka ce subhanallahi sau uku a zuciyarka kafin ka buɗe baki. Uku na mamaki ne. Bakwai na mummunan labari. Abin da ya wuce bakwai, ya ce kada in taɓa shi sai na yi furfurar gaske. Ni kuma idan ina rubuta maganata da ajami a bayan takardar siminti, sai in bar fili a wurin, faɗin yatsa ɗaya ga kowane tasbihi. Wanda bai sani ba zai ce tawada ce ta ƙare.

Kayan aikinmu duka akwatin ƙarfe ɗaya ke ɗaukarsu. Gemun rama guda uku, toka ta furfura, gawayi na zana tsufa a goshi, da rawani ɗaya tak wanda ya yi hakimi, ya yi liman, ya yi attajirin da ya ɓoye hatsi. Sai amsa-kuwwa da batirin mota, da zana biyu da muke kafawa su zama gida, da kalangu wanda ke tara mana mutane. Bayan la'asar muke farawa, a ƙofar gidan mai gari ko filin firamare, mu tashi kafin kiran magariba.

Da Dutse ta zama babban birni sai aka fara kiranmu ɗaukar wasa don rediyo. Wasan farko da muka ɗauka, na yi bakwai ɗina cif a inda ya dace. Da aka sa shi, wani manomi ya tare ni a kasuwar Ringim, ya ce, "Kai ne na cikin rediyo? Ka sa na mari akwatina sau biyu, na zaci batir ne ya mutu." Mako na gaba mai haɗa sauti ya bi zaren kaset ɗin da reza ya yanke duk wani shiru da ya samu. Na kai ƙara wurin Baba Haruna, sai ya ce laifina ne. Ya ce a fili mutane suna ganin fuskarka, a rediyo kuwa ba su da komai sai kunne, kuma kunne ba ya jin shiru sai idan wani abu da yake ji ya tsaya. Daga ranar, idan za mu yi shiru sai mu fara sa wani sauti, cokali a kwano ko shara ko tsakin kaza, sannan mu tsayar da shi. Ban san wannan darasi ne zai ceci sana'armu ba.

A ƙungiyar akwai mace ɗaya, Yaya Asabe. Mutuniyar Ringim ce, mijinta ya rasu, ta girme ni da shekaru, tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Ita ce uwa a kowane wasa. Wasan da aka fi saninmu da shi na sanƙarau ne, ciwon nan da ke zuwa da zafin bazara ya sandare wuyan yaro. Labarinsa gajere ne. Ɗan farin wani manomi ya kwanta da zazzaɓi, uwar tana cewa a kai shi asibiti, uban yana cewa gobe, sai an ci kasuwa, sai rana ta yi sanyi. Da ya ɗora shi a keke lokaci ya ƙure, ya dawo shi kaɗai da hular yaron. Ni ne uban. Idan na dawo, Yaya Asabe takan fasa kururuwa a amsa-kuwwa har awaki su watse, ni kuma in yi dogon jawabi a kan illar jinkiri.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Na yi murna kamar kowane musulmi, kuma ban canja ba har yau. Amma ga sana'armu shekara ce mai wuya. A garuruwa da dama aka daina kiɗa a fili, aka hana cakuɗuwar maza da mata a dandali, namiji kuma ba zai sa kayan mata ba, wanda dama ni ban taɓa so ba. Masu gayyatarmu suka ɗauke ƙafa, ba don an ce mu daina ba, sai don ba wanda ke son a ce shi ya kawo 'yan wasa gari. Baba Haruna ya riga ya rasu, akwatin yana hannuna. Makaɗinmu ya rataye kalangu ya koma gona, wani ya kama acaɓa, biyu suka tafi kudu. Gemun rama har gara ta fara ci.

Da zafi ya fara shigowa, wani jami'in lafiya na wata ƙaramar hukuma ya same ni. Ya ce yana son wasan sanƙarau a ƙauyukansu, amma sai kwamitin malamai ya kalla ya amince. Sharaɗi uku: ba kiɗa, ba mace, ba namiji cikin zane. Ya ce, "Malam Sabo, sau ɗaya za su kalla. Idan suka ce a'a, maganar za ta zaga ko'ina, ka san kun tashi ke nan." Na ce wasan da rabinsa uwa ce, yaya za a yi shi ba uwa? Ya ce wannan kuma aikina ne.

Na hau mota zuwa Ringim don in gaya wa Yaya Asabe da bakina. Tun daga zaure nake jin tana daka. Na yi sallama. Dakan ya tsaya cak. Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta ce daga ciki, "Wa alaikumus salam. Sabo, ka zo sallamata ke nan."

Na ce, "Yaya, ai ban ce komai ba."

Ta ce, "Sallamarka ta faɗa."

Sai na ji taɓarya ta koma turmi, a hankali, ba da ƙarfin farko ba. Ina tsaye a zauren nan na ji wasan gaba ɗaya a kunnena. Da ta fito muka gaisa, na ce mata za a iya yin uwar a bayan zana, ba a ganinta, ba a jin muryarta, sai dakanta. Ta dube ni, ta ce, "To wa zai yi dakan?" Na ce Sale. Ta yi dariya har da hawaye. Sale dogo ne, ƙato, da gemu har ƙirji, bai taɓa riƙe taɓarya ba tunda aka haife shi.

Kwana goma muka yi muna zuwa zaurenta, babban ɗanta yana zaune yana kallonmu. Ranar farko ta ce, "Sale, daka na ce ka yi, ba haƙar rijiya ba. Turmin nan na gado ne." Ta koya masa yadda ake sakin taɓarya ta faɗa da nauyinta, da yadda ake juya hatsi da hannu ɗaya ba tare da an tsaya ba. Ta koya masa dakan mace mai nishaɗi da na wadda miji ya ɓata wa rai. Ta ce idan na ce "gobe", ya buga uku masu ƙarfi a jere, ya ishe ni amsa.

Da muka zo ƙarshen wasan na ce sai na faɗi cewa yaron ya rasu sannan Sale ya tsaya. Ta ce, "A'a. Mace ba ta jiran a faɗa mata. Da sallama zai tsaya." Na yarda. Ta ce kuma bayan shirun ya koma daka. Nan na yi gardama, na ce wace uwa ce za a ce ɗanta ya mutu ta koma turmi?

Ta ce, "Ɗan fari ne fa. Ko sunansa ba ta faɗa yana raye, sai yau za ta yi masa ihu surukarta na tsakar gida? Kururuwar nan da nake yi muku, don amsa-kuwwa nake yi. A gida hannu ne ke rasa abin yi, sai ya koma ga abin da ya saba."

Na bar gardamar. Na san ita ma ta taɓa binne nata ɗan.

Ranar gwajin, a filin wata firamare aka jera benci. Malamai biyar suka zo. Shugabansu dattijo ne da ake kira Malam Babba, ɗan siriri, da carbi mai manyan 'ya'ya wanda kana jin ƙarar kowace ƙwaya idan ta faɗa kan 'yar'uwarta. Muka kafa zana, Sale ya shige baya tun kafin su iso. Muka fara. Ina cewa "Na ce miki gobe!" sai turmi ya amsa, tim, tim, tim. Malamai biyu suka yi dariya suka kama bakinsu. Wani mai ƙuruciya a cikinsu ya miƙe, ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai mace a bayan zanan nan." Malam Babba ya ɗaga hannu kawai, mutumin ya koma ya zauna, muka ci gaba.

Na ɗora yaron a keke, wato buhun ƙaiƙayi da muka lulluɓe da mayafi, na zaga bayan aji. Na dawo ina tura keken, hular tana rataye a hannunsa. Na tsaya a bakin zana na yi sallama. Dakan ya tsaya.

A takardata faɗin yatsa bakwai na bari, sannan jawabin da jami'in lafiya ya rubuta mana mai shafi guda. Mun shirya da Sale cewa sai na gama jawabin na jingina keke da zana zai koma daka. Na cire hular, ina juya ta a hannu. Na kai bakwai, na buɗe baki, sai na lura da wani abu: carbin Malam Babba ma ya tsaya. Tun da muka fara yake ƙara, yanzu babu. Na mayar da bakina na rufe. Na wuce goma, na wuce ashirin. Ina jin kukan kurciya a kan darbejiya, ina jin jami'in lafiya yana motsi a benci. Sai da na cika talatin da uku, sannan na jingina keken ban ce uffan ba. Taɓarya ta sauka sau ɗaya. Ta daɗe, ta sake sauka. A haka muka rufe.

Jami'in lafiya ya matso yana raɗa, "Ina jawabin? Ka zubar mini da jawabi!"

Malam Babba ya ji shi. Ya ce, "An yi jawabi." Ya tashi da sandarsa ya nufi zana, sauran suka bi shi. Ya leƙa. Ga Sale tsaye da singileti, gumi na bin gemunsa, garin gero har gira.

Malam ya ce, "Kai ne uwar yaron?"

Sale ya durƙusa, ya ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam."

Dariya ta ɓarke, har wanda ya yi zargin. Malam Babba bai yi ba. Ya ce, "Wannan ba dakan namiji ba ne. Wa ya koya maka?"

Sale ya dube ni. Jami'in lafiya yana ta ƙifta mini ido, ma'ana in ja bakina, kada a ce da hannun mace a ciki a fasa. To ku ji wannan da kyau, samari, don yana cikin sana'ar: akwai wurin da shiru ƙarya ne, kuma mai aiki da shiru shi ya fi kowa sanin wurin. Na ce, "Allah gafarta Malam, wata baiwar Allah ce a Ringim. Da ita muke wasan nan kafin yanzu. Ita ta tsara ƙarshen duka."

Malam Babba ya yi shiru. Bayani goma suka taru a bakina, cewa dattijuwa ce, cewa a zaure ne, cewa ɗanta yana wurin. Na tuna tabarmar Baba Haruna, na haɗiye su. Ban ƙirga nasa ba, amma ya fi nawa tsawo. Sannan ya ce, yana kallon turmin, "Ku gaya mata haka ake yi. Haka aka yi a gidana."

Ya juya wurin jami'in lafiya ya ce a ba mu takarda. Ya ƙara sharaɗi ɗaya: duk inda muka yi wasan, bayan an gama mu ɗaga zana jama'a su ga gemun Sale.

Bazarar nan ba mu zauna ba. Babu kalangu, amma sai muka ga ba ma buƙatarsa. Sale yana fara daka a ƙofar gidan mai gari, a wurin da ba a saba jin turmi ba, gari zai fito ya ga me ake yi. Matan da ba su fitowa suna saurare ta bayan danga, kuma su suka fi kowa gane wasan, don da yarensu ake yi. Ma'aikatan asibitin wani ƙauye suka gaya mini wata mata ta zo da goyo da sassafe, mijin yana biye da ita yana mita, ta ce musu ba za ta jira sallamar mai keke ba. Shekaru muka yi muna cin abinci da turmin nan, wasu ƙungiyoyi ma suka ara, ban hana kowa ba. Alhamdu lillahi.

Yaya Asabe ba ta sake hawa dandali ba. Wannan shi ne abin da shekarar ta ci mana, ba zan ɓoye ba. Na kai mata saƙon Malam Babba kalma da kalma, ta ce, "Allah Ya jiƙan nasa," ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta. Sau ɗaya ta ji wasan. Ta je suna gidan 'yar'uwarta a Aujara ranar da muke can, ta saurara ta bayan danga tare da matan gidan. Muna naɗe zana sai ga ɗanta ya zo da ƙullin ƙuli-ƙuli da saƙo. Na zaci yabo ne, har na gyara tsayuwa.

Ya ce, "Inna ta ce a gaya wa Kawu Sale yana saurin sauke taɓarya ta biyun. Ya ƙara tasbihi uku a tsakani."

Muka ƙara. Har ranar da muka ajiye turmin da awonta muke aiki. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Baba Haruna da Malam Babba, Ya ba Sale lafiyar kafaɗa, don har yau yana cewa ni na jawo masa.

Kai kuma mai waya a kan sanda, ƙofata a buɗe take, ka dawo mu sake ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo: ka bar ni in kai bakwai kafin ka tambaye ni ko na manta.